Talabijin Ɗin da Ya Ƙi Gyaruwa

A ɗakin jiran jirgin ƙasa na garin Sibiu, dattijo Octavian ya ga budurwar da ke gefensa tana kallon waya tana sharɓar kuka.

"Yarinya, rasuwa aka yi?"

"A'a Baba, shirin katun ne ya ƙare, na butum-butumin nan mai tuƙa kumbo. A ƙarshe fa sai ya..."

Octavian ya toshe kunnuwa. "Kul! Kada ki gaya mini!"

Ta share hawaye tana dariya. "Au, duk furfurar nan kai ma kana kallo?"

"Ni? Shirme ne zalla. 'Yata Ilinca da ke Kanada ce ke so. Duk Lahadi sai ta bugo waya mu kunna tare."

"Ai sati uku ke nan da fitowar kashin ƙarshe."

"Na ce mata talabijin ɗina ya lalace."

"Ya lalace ɗin?"

"Lafiyarsa ƙalau. In muka gama, me zai sa ta bugo?"

Budurwar ta dube shi. "Ita ta matsa maka ka kai gyara?"

"Ina! Cewa ma ta yi masu gyaran nan macuta ne, kada in yi gaggawa."