Akun Baba ya daina magana

Assalamu alaikum Malam mai gabatar da shiri, da duk masu sauraro. Ni ce Habiba daga Unguwar Sanusi.

Mahaifinmu ya rasu bara, ya bar wani aku da ya daɗe yana kiwo. Akun nan da muryar Baba yake magana. Kullum da safe sai ya ce, "Hajiya, a ɗora shayi," har da irin tarin Baba. Mama kuwa takan amsa masa.

Da yayana da ke Ingila ya ce Mama ta koma wurinsa jinya, ta ce ƙafarta ƙafar akun. Na kai shi wurin likitan dabbobi, aka duba shi, aka ba ni takarda. Na sa aka yi keji daidai awon da kamfanin jirgi ya ce. Sai a ofishin ƙarshe aka ce doka ta hana fitar da aku sai da shaidar inda aka samo shi. Malam, a bakin titi fa Baba ya saye shi! Wa ke ba da rasit a bakin titi?

Mama ta tafi tana kuka. Tun daga ranar nan akun ya yi shiru, sai fizgar gashin ƙirjinsa yake yi. Duk sanda ta kira sai ta ce, "Habiba, kara masa wayar in ji muryar Alhaji." Ni kuma in ce barci yake yi.

Don Allah wanda ya san hanya ya taimake ni. Jiya Mama ta tambaye ni wane irin barci ne wannan.