Badamasi Rabe, Ɗan Kankia da Kusada Ta Riƙe

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Wakilan iyayen ƙasa, Allah ya ja zamaninku. Malaman da suka jagoranci addu'a, Allah ya gafarta muku. Shugabannin ma'aikata da na ƙungiyoyin sana'a, Hajiya Sakina uwargidan mamaci, 'yarsa Amatullah da ƙannenta, jama'ar Kusada da kuka karɓe mu yau, assalamu alaikum.

Sunana Kabir Ɗalha. Mutanen Kankia suka ce in yi magana a madadinsu, domin ni da marigayi Malam Badamasi Rabe unguwa ɗaya muka tashi, tabarma ɗaya muka zauna a makarantar allo. Sun ce in faɗi alherinsa. Zan faɗa. Amma ku yi mini haƙuri, jama'ar Kusada, da kishinku muka zo, kuma ba zan ɓoye ba.

Mu muka haife shi. A Kankia ya fara sa kakin 'yan kwana-kwana, a Kankia ya ga gobarar da ta sauya masa tunani. Wani shagon ɗinki ne ya kama da rana tsaka. Wutar ba ta da yawa, amma silin roba da aka yi wa shagon ya narke yana ɗigowa, baƙin hayaƙi ya cika ɗakin. Telan ya fito da ransa, sai dai har yau ƙirjinsa bai koma daidai ba. Bayan an kashe wutar na iske Badamasi tsaye da guntun robar a hannu.

Ya ce mini, "Kabiru, wanga abu ba ado ba ne. Fetur ne aka daskarar aka rataya mana a ka."

Ya tafi kwas ya koyo ƙa'idar kayan gini na roba: wanda aka yarda a sa, da wanda ba a yarda ba. Ya dawo muna murna, sai aka yi masa canjin wurin aiki zuwa Kusada. Muka ce zai je ya dawo. Ya je ya ga Hajiya Sakina a Yashe, nan ƙasar Kusada, shi ke nan.

Ya kasance mutum mai nuna wa ido kafin ya gaya wa kunne. Ku ne kuka gan shi ranar kasuwa yana tara kafintoci, ya ɗauko guntun sili biyu, ya ƙyasta ashana. Ɗaya ya yi baƙi, da aka janye wuta ya mutu. Ɗayan ya ci gaba da ci yana zubo da wuta ƙasa. Sai ya ce, "To, wanne za ka sa a kan 'ya'yanka?" Ku kuka gani. Mu labari muke ji a bakin 'yan acaɓa.

Ya kasance ba ya gajiya da maimaita magana. A nemi tambarin inganci kafin a saya. Kada a sa silin roba a kicin, ko mai kyan ne. A zura wayar lantarki cikin bututu, kada a bar ta kwance a kan roba. Ya bi Kusada lungu-lungu da wannan, ya bi Yashe, har bayan ya yi ritaya. Rimaye tana nan kusa, tamu ce, sau ɗaya ta same shi, shi ma ruwan sama ya watsa taron.

Ya kasance mai riƙe aboki. A nan ne abin ya fi ci mini rai. Malam Dawuda, shugaban kafintocin Kusada, ga ka nan zaune. Ni na san Badamasi tun bai iya ɗaura tazugen wando ba, amma kai ka samu shekarunsa na hankali. In na zo gaishe shi, ba a jimawa sai ya ce, "Dawuda ya ce." Na sha komawa gida da wannan suna a kunnena.

Bara waya ta yi tartsatsi a wata Islamiyya a nan garin, yara cike da aji. Malam Dawuda, silin da kai da marigayi kuka tsaya a kai sai da aka canza shi ya yi baƙi wuri ɗaya, ya tsaya. Yara suka fito a layi, babu wanda ya ƙone. Da labarin ya iso Kankia mun yi hamdala. Bayan hamdalar kuma kowa ya ɗaga kai ya dubi rufin ɗakinsa.

Da ciwo ya kwantar da shi, na zo na ce, "Badamasi, taso mu tafi gida. Dangi na can, asibiti na can."

Ya yi murmushi ya ce, "Bari in ga an gama masallacin Yashe, sai in zo muku gaba ɗaya."

An gama masallacin. Shi kuma ga makwancinsa nan a ƙasarku, kafin motarmu ta iso har an jera sahu.

Hajiya Sakina, kin riƙe mana ɗan'uwa da mutunci, Allah ya ba ki haƙuri. Amatullah, ke kika bi sawunsa kika karanta aikin gini. Ki tuna gidan kakanki yana Kankia, kuma silin da ke cikinsa ba wanda ya taɓa gwada shi. Malam Dawuda, ban taɓa roƙonka komai ba, yau ina roƙo a gaban jama'a. Kafintocinmu sun ce a shirye suke. Ka zo ka koya musu abin da ya koya maka. Zan zauna a sahun gaba, in ji maganar abokina a bakinka.

Mun gode wa duk wanda ya taso, na kusa da na nesa. Ya Allah, bawanka Badamasi ya ƙarar da ƙarfinsa yana tsare bayinka daga wutar duniya, ka tsare shi daga ta lahira. Ka yalwata kabarinsa, ka shirya zuriyarsa, ka sa mu cika da imani. Amin.