Waifai Ɗin Gidan Auta

A ɗakin jira na tashar mota, wata dattijuwa ta miƙa wa malamin makarantar da ke gefenta kwamfutarta.

"Ɗana, duba min wannan. Duk inda na buɗe ta sai ta kama waifai ɗin mutane da kanta, kamar akuyar da ba ta da turke."

"Abu mai sauƙi, Mama. Duk wanda kika taɓa shiga tana riƙe da shi ne. Bari in goge miki su." Ya danna, ya danna, ya mayar mata. "Yanzu ba za ta shiga ko'ina ba sai da izininki."

Ta gyara tabarau ta duba. "Ina wanda aka rubuta Gidan Auta?"

"Har shi na goge. Da kin faɗa, da na bar shi."

"Autata ce ta sa min lambar sirrin da hannunta, kafin mu ɓata. Shekara biyu ba ma magana. Duk wata nakan tsaya da mota kusa da gidanta, in buɗe kwamfutar a cinyata. In ta kama, sai in san ba ta canza lambar ba, in koma gida da sanyin zuciya."

Malamin ya so a ce ya tambaye ta tukuna.

"Ki yafe min, Mama. Ba ki riƙe lambar ba?"

"Ban taɓa tambayarta ba."

"To, sai dai ki ƙwanƙwasa ƙofar."

Ta rufe kwamfutar a hankali. "Abin da nake ta gudu ke nan, ɗana. Ga shi ka goge min uzurin."