Ƙarar Tantan ɗin Malam Ashiru

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Wakilin Mai Girma Hakimi, ranka ya daɗe. Mai Girma Dagaci, Allah ya ja zamaninka. Malam Liman, Allah ya gafarta Malam. Masu unguwanni, shugabannin manoma da suka taso daga Bebeji, Tudun Wada da Doguwa, sannunku da hanya. Hajiya Safara'u, uwargidan marigayi, da ke jin mu daga cikin gida ta lasifika, sannu da fita takaba. Zayyad, babban ɗansa, da Raihana, 'yarsa, Allah ya ƙara muku haƙuri. Ina kuma gaida surukinsa Ubale, mijin Raihana, wanda nake hange can baya kusa da inda aka jera babura, alhali wurinsa yana nan gaba.

Na ji gunagunin da aka yi da na ambaci Ubale. Ku yi haƙuri da ni, zan zo wurin.

Ni Sunusi, tare da Malam Ashiru aka ɗauko mu a bayan iyayenmu lokacin da ruwan Tiga ya ci garinmu, tare muka girma a nan Yako. In na ce na san shi, ba a bakin mutane na ji ba.

Ya kasance mutum mai kunne. Mu tarakta muke gani, mu ce tantan, mu wuce. Shi saurarenta yake. Wa ya manta safiyar sanyi a unguwar nan? Ana sallame Asuba za ka ji ta: ƙwan, ƙwan, ƙwan, kamar an sa taɓarya a turmin da babu hatsi, farin hayaƙi na tuɗaɗowa daga salansa. Mu da gonakinmu ke jira sai mu ce, "Malam, taka totur mana mu tafi!" Sai ya harare mu ya ce, "Kai da ka tashi barci da gudu ka fara? Ku bar ta ta gama tarinta." Ya ce mana in ƙarfe ya kwana cikin sanyi dizal ba ya kamawa da wuri, baƙin mai kuma ya yi kauri bai hau sama ba, shi ya sa take wannan bugun. Ƙwanƙwasar sanyi, in ji shi, tana lafawa da inji ya ji ɗumi. Wadda ta ƙi lafawa ita ce ciwo, ita ake wa tsoro.

Ya kasance mai faɗa, kada mu yi masa ƙarya don ya mutu. Ya taɓa samuna na hura wuta da kara a ƙarƙashin injin, wai in ɗumama masa shi. Har yau ban manta sunan da ya kira ni da shi ba, kuma ba zan maimaita a gaban Liman ba. Amma ya kasance wanda ba ya tsallake gonar gwauruwa don ya je ta mai hali. In damina ta faɗi, layi ɗaya ne, wanda ya riga zuwa shi ake wa haro, a kafce masa gona. Daga nan har Doguwa babu wanda zai tashi ya ce Ashiru ya yi masa alkawarin Talata ya zo Laraba.

To, yanzu in zo inda kowa ke jira.

Tun ranar da ya rasu magana ke yawo a garin nan, a majalisa, a bakin masallaci, a kan babur. Ana cewa Ubale ne ya bar tantan a giya, shi ya kashe surukinsa. An daina ba shi aiki. Ƙofar gidan nan an rufe masa. Raihana in za ta gaida mahaifiyarta ita kaɗai take zuwa, ta koma da kuka. Ina can abin ya faru, masarata ce a tirelar da tantan ke ja. Na faɗa wa Zayyad a ranar, amma ranar ba ta jin magana ba ce. Hajiya ce ta aiko mini ta ce in faɗa a nan, a gaban kowa.

Zayyad, zauna. Don Allah zauna, ɗana. Na riƙe ka ranar sunanka, ka ba ni ɗan lokacin nan.

Mun kwana a wani ƙauye bayan Doguwa, a kan gangara. Duk wanda ya yi aiki a wajen ya san dokar: birkin tsohuwar tantan ba abin dogaro ba ne, a giya ake barinta ta kwana. E, Ubale ne ya bar ta a giya. Ashiru ne ya ce ya bari, a kunnena, kuma shi ya koya masa haka tun farko.

Da gari ya waye sanyin duwatsun nan ya kama batir. Aka murɗa mukulli, shiru. Ubale ya ɗauki jarka ya gangara rafi ɗebo ruwan lagireto. Ni ina jin ɗumi a bakin wuta. Ranar kasuwar Tudun Wada ce, rana tana ɗagawa. Sai Ashiru ya ɗauko sukundireba, ya tsaya a ƙasa gaban babbar taya, ya haɗa wayoyin kik da hannunsa don ya tayar da inji, yadda masu tantan suke yi in mukulli ya ƙi. Ya yi haka ba adadi a rayuwarsa, kuma kullum sai ya fara taɓa giya ya tabbatar tana firi, ba ta cikin giya. Ranar bai taɓa ba. Mutum ne, ajali kuma ya zo.

Inji ya kama, ta zabura. Ba zan faɗi abin da idona ya gani ba, 'ya'yansa suna ji.

Amma zan faɗi wannan. Tantan ta wuce shi ba kowa a kanta, ta miƙe gangara da tirela cike, a ƙasa kuma mata ne zaune suna sussukar masara sun juya baya. Ni ihu kawai nake. Ubale daga rafi ba ya hango komai, kunnensa ne ya gaya masa. Ya ce mini daga baya, "Baba Sunusi, ba tarin safe na ji ba. Na ji ta tashi da kaya a wuya, na san tafiya take." Ya yar da jarka, ya yanko ta cikin kara, ya kama ƙarfe ya haye tana gudu, ya karya sitiyari ta bar matan, ya ja abin kashe inji. A nan hannunsa na dama ya karye, har yau ba ya miƙewa. Kunnen nan wa ya ba shi? Ashiru ne.

A mota, kan Ashiru yana kan cinyata, muna hanyar asibiti, ya buɗe ido ya ce, "Sunusi, ni ne ban duba ba. Kada a taɓa mini yaron nan." Wallahi haka ya ce. Bai ƙara wata magana ba sai shahada.

Zayyad, ba mu ga laifinka ba. Uba ka rasa, zuciya kuma sai ta nemi wanda za ta kama. Amma mahaifinka ya ce mana bugun da ya ƙi lafawa shi ake wa tsoro, wannan kuma ya daɗe bai lafa ba. Tun ranar tantan tana tsaye a ƙofar gidanku, kaji na kwana a ƙarƙashinta. Hadari ya fara haɗuwa a gabas, gonaki suna jira, ƙanwarka ma tana jira.

Ga mukullin. Hajiya ta ba ni ta ce in sa a hannunka, kai ne babba, ka ba wanda ka ga dama, ko ka mayar aljihu. Ba wanda zai tilasta ka. Ungo.

Jama'a, ku yi shiru. Ku ba Zayyad hanya ya wuce, kada wanda ya riƙe shi.

Alhamdu lillahi. Ubale, taso mana, ga shi yana miƙo maka mukulli, kada ka bar shi tsaye. Karɓa da hagun, ba rashin ladabi ba ne, kowa yanzu ya san inda na daman ya tafi.

Mun gode wa shugabanninmu da duk wanda ya baro aikinsa ya zo. Ya Allah, ka gafarta wa bawanka Ashiru, ka yalwata kabarinsa, ka saka masa da kowane layin da ya ja a gonar marar ƙarfi. Ka haɗa kan waɗanda ya bari, ka tsare masu aiki da ƙarfe, ka ba mu damina mai albarka, ka sa mu cika da imani. Gobe bayan Asuba, in Allah ya kai mu, zan tsaya a ƙofar gidana ina saurare. Ubale, taɓa giya tukuna, sannan ka bar ta ta gama tarinta.

Amin. Wassalamu alaikum.