Wa Ya Zura Miki Zare?

Inna: Salamu alaikum. Auta? Kana ji na?

Auta: Wa alaikumus salam, Inna! Ina wuni?

Inna: Lafiya lau. Ya karatu? Ya abokan ɗakin naka?

Auta: Duk lafiya. Ya gida? Ya su Yaya?

Inna: Suna gaishe ka. Kana dai cin abinci ko?

Auta: Ina ci. Inna, bar zancen abinci. Yau ne likita zai cire miki bandejin aikin idon nan. Me ya ce?

Inna: Alhamdulillahi. Allah ya yi mana alheri.

Auta: To, kina gani ko ba kya gani?

Inna: Na ce maka Allah ya yi mana alheri.

Auta: Haba Inna! Ranar da na ci jarrabawa haka kika ce. Ranar da shagon ɗinkinki ya ƙone ma haka kika ce. Ta ina zan gane wanne ne yau?

Inna: Me? Layin yana yankewa, matsa kusa da taga.

Auta: Na matsa. Malaminmu na falsafa yana cewa, maganar da babu abin da zai faru ya ƙaryata ta, ba ta faɗi komai ba.

Inna: Ikon Allah. Shi malamin yana da uwa kuwa?

Auta: Da gaske nake. Da idon bai buɗe ba, me za ki ce?

Inna: Alhamdulillahi mana.

Auta: Kin gani! To mene ne ma'anarta?

Inna: Ai ba labari nake ba ka da ita ba, ɗan nan. Gaya maka nake ba na fushi da Shi, ko ya ba ni ko ya hana.

Auta: Na ji. Amma ni labarin nake so, tun safe na kasa karatu. Tsaya. Wa ya zura miki zare a allura yau? Maƙwabciya ce ta zo kamar kullum?

Inna: Ta zo, na ce ta koma ga girkinta.

Auta: Ke kika zura?

Inna: Da hannuna. Baƙin zare ma kuwa.

Auta: Allahu akbar! Inna! Idanun duka biyun?

Inna: Na dama dai. Na hagun likita ya ce a haƙura da shi.

Auta: Wayyo... Sannu, Inna.

Inna: Kar ka yi mini wayyo, ɗaya ya ishi keken ɗinki. Ka san abin da na fara kallo da na shigo ɗaki? Hotonka na bango, kana sanye da rigar da na ɗinka maka da lalube za ka tafi makaranta.

Auta: Shuɗiyar nan? Ai tana nan.

Inna: Auta, aljihun a karkace yake! Maɓallan ma ba launinsu ɗaya ba. Ka sa ta ka shiga cikin mutane, na tambaye ka, ka ce mini ta yi kyau.

Auta: To ai ta yi kyau.

Inna: Da aljihun a ƙasan hammata na ɗinka shi, me za ka ce?

Auta: Cewa zan yi... ta yi kyau.

Inna: To mene ne ma'anarta?

Auta: Wannan daban ne, Inna.

Inna: Ka tambayo mana malamin. Ka kuma zo mini da rigar in ka samu hutu in gyara, yanzu ina... kai, katin wayar nan zai ƙare...

Auta: Ba za a taɓa ta ba, haka nake son abata. Inna? Inna!