A Nan Ba a Mayarwa

A bakin wani tafki a Japan, Tsujimoto, baƙo daga birni, ya kamo ɗan kifi mai faɗin tafin hannu da ƙugiya mai tsutsar roba. Yana shirin mayar da shi ruwa sai wani tsoho ya tsaya a kansa.

"Samari, a nan ba a mayarwa. Ga akwati can, jefa shi ciki."

"Ni don nishaɗi nake kamu, Baba, ba na kisa. Wannan ɗan mitsitsin me ya yi?"

"Daga waje aka kawo irinsa. Ƙwan kifinmu yake cinyewa."

"Ashe kai ma masunci ne?"

"Shekara talatin na yi ina jefa taru a nan, kafin kifinmu ya ƙare." Tsohon ya miƙa hannu ya karɓi kifin. "Yanzu ni ke kwashe akwatin."