Bishiyar Kaka Kersti

Majken: Alo, Baba? Ina kwana?

Torvald: Kwana? Rana ta kai tsaka, 'yar nan. Ina wuni dai. Kin tashi lafiya?

Majken: Lafiya lau. Ya gwiwar?

Torvald: Tana nan tana mulkinta. Ya mijin naki? Ya daina tarin?

Majken: Ya daina. Baba, ina bakin aiki, zan...

Torvald: Yaran fa? An ba su hutu?

Majken: Sai jibi. Ka sha maganinka?

Torvald: Na sha kofi.

Majken: Magani na ce!

Torvald: Layin ne ba kyau. Kin ga zafin bana kuwa? Sati uku ba ɗigon ruwa, sauro ma ya gaji. Jiya na ɗauko ƙahon kiran shanu na kakarki Kersti na busa a ƙofar gida, maƙwabciyata ta fito da gudu wai ko wani abu ya sami karena.

Majken: Ai na gaya maka, busarka kamar saniya mai mura. Baba, don Allah zan kira ka da yamma. Mutum goma sha biyu ke jirana.

Torvald: To, to, manya. Dama cewa zan yi jan ƙyallen da kuka ɗaura a bakin rafi ya kwance, na ɗaure muku. Yaran yanzu ko ƙulli ba su iya ba.

Majken: Wane rafi?

Torvald: Rafi nawa ne a gandun dajin?

Majken: Baba. Kana ina yanzu?

Torvald: Ina hawa tudu. Ba ki jin haki?

Majken: A cikin gandun? Cikin jan ƙyalle? Wayyo Allah! Ta ina ka shiga? Na sa mutum a kowace hanya!

Torvald: Ba ki sa kowa a tafki ba. Da kwalekwale na zo.

Majken: Elof! Elof, ɗauki oba-oba, ka ce kowa ya tsaya! Kada a ƙara kunna ko tsinke! Akwai mutum a ciki... Ubana ne, ka daina kallona, yi magana!

Torvald: Meye na ihu? Ai gobe Alhamis za ku sa wutar, haka allonku ya ce.

Majken: Mun dawo da ita yau! An ce gobe iska za ta juya. Na turo maka saƙo tun jiya!

Torvald: Ni ban karanta waɗannan abubuwan.

Majken: Minti ashirin ke nan da muka kunna ta gefen gabas. Tana ci a hankali, amma tana ci. Juya ka koma kwalekwale yanzun nan.

Torvald: Sai na gama abin da ya kawo ni. Ga manjagara a kafaɗata. Zan share gindin bishiyar uwata, in janye gansakuka da busassun rassa, sannan ku yi haukanku.

Majken: Ba hauka ba ne!

Torvald: Shekara arba'in ina kashe gobara a dajin nan. Na haifi 'ya, na kai ta jami'a, ta dawo da ashana.

Majken: Mun yi wannan faɗan sau ɗari. Bishiyar nan tabon wuta uku ne a jikinta, kai ka nuna min su ina ƙarama. Wuta ce ta raine ta. Yanzu ƙananan itatuwa sun shaƙe ta ko'ina, ran da gobarar gaske ta zo, su za ta taka ta hau har kanta. Gara mu ƙona su da hannunmu, a ranar da muka zaɓa.

Torvald: Da tsuntsayenki masu ƙwanƙwasar itace, kar ki manta da su.

Majken: Eh, da su! Shekara nawa rabonka da jin ɗaya a gandun? Sai a ƙonannen itace suke samun abinci. Baba, ba lokacin wannan ba ne, juya!

Torvald: Uwata tana da shekara goma sha huɗu ta sassaƙa sunanta a jikin bishiyar da ɗan gatari, ita kaɗai da shanu tara. "Kersti, 1938. Ruwa ake yi, ina kewar gida." Ko hotonta na ƙuruciya ba ni da shi. Wannan ne kawai... ke... ji...

Majken: Alo? Alo! Kana yankewa!

Torvald: Na ce ina kwari ne, yanzu na fito. Kai, wannan tudu ya ƙara tsawo.

Majken: Kana jin warin hayaƙi?

Torvald: Kaɗan. Kamar maƙwabci na gasa kifi.

Majken: Elof, ta ina take?... Ta tsallake dutsen? To a ja tiyo can, maza! Baba, ka ji? Shekara uku ina jiran rana irin ta yau, ga shi na tsayar da komai. Ban damu ba. Amma abin da aka riga aka kunna ba ya jin umarnina.

Torvald: Ga ta nan, na iso. Bari in... Af.

Majken: Mene ne? Ka faɗi ne? Baba, yi magana!

Torvald: An share.

Majken: Na sani.

Torvald: Har ƙasa. Taku huɗu ko ta ina. An sare ƙananan da ke jikinta... an lulluɓe rubutun da jiƙaƙƙen buhu. Har yanzu yana ɗiga.

Majken: Da safen nan na ƙara masa ruwa. Bokiti shida na ɗauko daga rafi.

Torvald: Ke da kanki?

Majken: Wa zan aika? Kakata ce ni ma.

Torvald: Sharar ma ta bahaguwa ce irinki, daga dama zuwa hagu. Ai da na duba da na gane. Me ya hana ki gaya min?

Majken: Yaushe ka bar ni na kai ƙarshen magana? Da na ce wuta sai ka ajiye waya.

Torvald: Hm. Kin bar ɗan reshe ɗaya ta arewa.

Majken: Baba!

Torvald: Na ɗauke. Shi ke nan, na ɗauke. Hayaƙin ya fara yawa kam, idona na yaji.

Majken: Ajiye manjagarar. Kar ka koma ta rafi, bi ta kan duwatsu ka miƙe tafki, rana a hagunka. Minti goma ne.

Torvald: Ga mai gwiwa biyu.

Majken: Kar ka kashe wayar. Ina so in ji ƙarar filafili a ruwa da kunnena.

Torvald: Ai wayar ce ke shirin kashe kanta. Tun ɗazu take kuka, ja take nunawa.

Majken: Ba ka yi caji ba? Kai, Baba, kai!

Torvald: Saurara. Ƙahon yana jakata tare da filas. In na shiga ruwa zan busa sau uku, kakarki daga wancan tsauni ake jin ta. In kin ji, ki sa wutarki. Ki sa ta da kyau, kin ji ko? Kar ki tsaya rabi saboda tsoho.

Majken: In ban ji ba fa?

Torvald: Saniya mai mura? Ai ko a garin Falun sai an...

Majken: Baba? Alo? Baba!... Elof, kashe injin nan. Kashe na ce! Kowa ya tsaya inda yake. Kada wanda ya yi ko tari sai na ji ƙaho.